Sawun da Bai San Hanya Ba

Sandar awo ta ɓace ranar Juma'a, amma sai da safiyar Asabar mutanen Kanya Uku suka tuna cewa suna ƙaunarta.

Sandar ƙarfe ce mai fenti ja da fari, da lambobi a jikinta. Wani kamfani ne ya kafa ta a rafin garin tun farkon damina, wai a auna zurfin ruwa a ga ko jiragen kaya za su iya bi, su kwashi hatsi da siminti har bakin iyaka. Jiragen kaya, a rafin da jaki ke tsallakewa bai jiƙa mangala ba.

Mainasara mai bin sawu yana karya kumallo aka aiko kiransa. Sai da ya siɗe kwanon kokonsa tas sannan ya tashi. Shekara arba'in yana bin shanun sata, ya bi su har Mashi, ya bi su har cikin Nijar. Yau kuma sanda zai bi.

A ƙofar gidan Maigari ya tarar da taro. Munzali mai lambu na zaune a ƙasa, an ajiye takalmansa na taya a gabansa, duk taɓo. Alhaji Sadiq, shugaban kwamitin kawo jirage, yana tsaye yana ta yarfa hannun babbar riga.

"Ranka ya daɗe, me ake jira?" in ji Alhaji. "Kowa ya ji shi a kasuwa yana cewa sai ya tumɓuke ta. Ga sawun takalminsa a gindinta. Jiya ba a gan shi a masallacin Juma'a ba. Sai ya rubuto mana takarda cewa shi ne?"

"Ina ka yi Juma'a?" Mainasara ya tambayi Munzali.

"Tsallaken rafi, Baba."

"Me ya kai ka?"

"A nan in na shiga sahu, na kusa da ni matsawa yake. Wai ni ne na hana gari arziki."

"Wa ya gan ka can?"

"Surukansa," Alhaji ya karɓe. "Duk tsallaken surukansa ne. Kura za ta shaidi kura."

"Ka ce za ka tumɓuke ta?"

"Na ce." Munzali bai ɗaga kai ba. "A kan lambuna suke son gina tashar jirgin. Na faɗa, amma ban yi ba."

Maigari ya gyara zama. Dattijo ne mai son a rabu lafiya, musamman da masu kuɗi.

"Mainasara, kana da zuwa la'asar. In ba wani bayani, 'yan sanda za su zo daga Daura su tafi da shi. Lambun kuma, ka san aron gari ne tun zamanin mahaifinsa. Ba a barin aron gari a hannun ɓarawo."

Alhaji ya ɗan yi murmushi. Mainasara ya gani.

*

Injiniya Fadila, wadda kamfanin ya turo, tana jingine da motarta a inuwar darbejiya. Ita kaɗai ce ba ta ihu.

"Sannu, Baba. Ni ba sandar ce ta dame ni ba. Akwai bututu ɗaure a jikinta, a ciki akwai na'ura kamar tocila. Kowace awa tana rubuta zurfin ruwa da kanta."

"To littafin Malam Ma'aruf fa? Na ji an ce an ɗauke shi aiki don ya riƙa dubawa kullum da safe."

"Shi ido ne, ita kuma shaida. A ƙarshen damina ake haɗa su a ga ko sun yi daidai. Yau na zo haɗawar."

"Wa ya san da na'urar?"

"Ni, sai wanda ya taya ni ɗaura ta. Shekaranjiya kuma na buga wa Malam Ma'aruf waya, na ce ya kawo littafi yau, zan kwashe abin da ke cikinta."

"Wa ya taya ki?"

"Munzali. Da farko a tsohon mashigi muka kafa sandar, inda mota ke tsayawa. Aka yi taro, aka ɗauki hotuna. Bayan mako uku ruwa ya tara yashi ya binne rabinta. Na dawo, na mayar da ita ƙasa, gindin tsamiya, kusa da lambunsa. Shi ya kama mini, yana zagin aikin yana buga guduma."

"Malam Ma'aruf yana nan ranar?"

"Ya tafi ɗaurin aure birni. Na gaya masa ta waya mun matsar da ita, ya ce ai har ya gani."

Mainasara ya kalli ƙasa, abin da ya fi amincewa da shi fiye da fuskar mutum.

"'Yata, ruwa nawa jirgin naku ke so?"

"In kwalekwalen kaya ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, aƙalla mita biyu. Mutum ya tsaya ya miƙa hannu sama, ruwa ya rufe yatsunsa. Kuma ya daɗe haka kamar wata takwas a shekara, in ana so a ci riba."

"Kin ga rafin?"

"Na gani, Baba."

"To me ake aunawa?"

"Manya ba sa karɓar ido. Sai lamba."

*

Rabon garin da ruwan sama tun Laraba. Rafin ya ja baya, ya bar laka mai taushi a gaɓa, irin wadda ko ƙadangare ya bi sai ta ajiye sunansa.

A gindin tsamiya ba abin karantawa. Jama'a sun tattake wurin da sassafe, kowa ya zo ya ga ramin sanda da idonsa. Mainasara ya yi tsaki, ya ja da baya, ya zaga har ya tsinci sawun takalmin taya inda ba a taka ba. Bai bi shi gaba ba. Baya ya bi shi, don ya ga inda ya fito.

Sawun ya ratsa ta tsakiyar fangalin irin albasa na Munzali, zuwa da dawowa. 'Yan tsirai masu kwana goma sun kwanta a cikin laka. Mainasara ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Gefen fangalin ga kunya nan busasshiya, faɗin tafin hannu biyu, wadda mai lambun ke bi.

Daga nan sawun ya kai bukkar lambu, inda Munzali ke rataye takalman in zai shiga gari. A nan takalmi ya ƙare, ƙafa ta fara. Ƙafa tsirara, siririya, ba faso ko ɗaya a dunduniyarta. Lakar ta ɗauke ta sumul kamar an dangwala ta da mai.

Ya bi ta gaɓa-gaɓa zuwa sama. A wani wuri ƙarangiya ta rufe hanya. Nan mai ƙafar ya yi tsalle-tsalle, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya dafa ƙasa da hannu. Mainasara ya kusa yin dariya.

Sawun ya ƙare a tsohon mashigi. A can mutumin ya yi ta kai da komo a kan tudun yashi. Ya je nan, ya dawo, ya tona da hannu, ya sake zagawa kamar kazar da aka ɗauke wa ƙwai. Sai daga baya ya kama gaɓa ya gangara. A kan tudu akwai sawun babura da yawa, da na kurar jaki mai taya ɗaya sule.

Wannan kurar ya san ta.

*

Abdulbaƙi ɗan gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, yana bayan kasuwa yana daddatsa wata tsohuwar garma. Da ya hango mai bin sawu sai ya aje guduma.

"Baba Mainasara! Wallahi duk abin da ke nan sayensa na yi."

"Ban tambaye ka ba. Kurarka ta je mashigi jiya."

"Yashi na ɗebo wa wata mai gini. Da hantsi. Juma'a kuwa a sahun gaba na yi ta, Liman ma ya harare ni don na yi atishawa."

"Cire takalminka."

Ya cire. Dunduniyarsa ta tsage kamar gindin tafki a bazara.

"Ƙarfe ne fa ya ɓata," in ji Mainasara. "Kai kuma ko ƙusa ka gani a makara sai ka taya."

"Ba zan ɓoye maka ba, tun da ta koma gindin tsamiya nake mata kallon sha'awa. Kullum in na kai jaki shan ruwa sai mun gaisa. Amma fentin gwamnati ne a jikinta. Wa zai saya? Kuma ni ina son jirgin ya zo."

"Kai ma?"

"To! In ya maƙale a yashi, wa kake jin zai yanka shi?"

"Wa bai san ta koma gindin tsamiya ba?"

"A garin nan? Mata masu wanki ma a kanta suke shanya zane. Sai dai makaho, shi ma sandarsa ta taɓa ta."

*

Malam Ma'aruf ɗan ƙanwar Alhaji ne. Daga cikin birnin Daura aka kawo shi, aka ba shi ɗaki da babur da wannan aiki. Mainasara ya same shi inda kowa ke samunsa, a teburin mai shayi, da farin yadi da takalmi sau-ciki mai sheƙi. Littafin awo na gabansa, bangonsa fes, ko ɗigon laka babu.

"Malam, ni ban yi boko ba. Karanta mini."

Ma'aruf ya buɗe yana hura hanci. "Me za ka gane a ciki, tsoho? Lissafin kimiyya ne."

"Larabar makon jiya."

"Mita biyu da ɗigo uku."

"Wato ya shanye mutum."

"Har da hularsa. Ai ranar an kwana ana ruwa."

Mainasara ya gyaɗa kai. An yi ruwa a gari ranar, gaskiya ne. Amma wannan rafi ba ruwan gari ke cika shi ba. Sai an yi ruwa can sama, kwana ɗaya ko biyu ya iso, wani lokaci rana na tsala a nan ya zo da gudu. Duk wanda ya taɓa wanke ƙafa a cikinsa ya san haka. A waccan Larabar Mainasara ya tsallaka yana bin wata akuya, ruwa bai kai masa ƙwauri ba.

"Jiya fa? Ina ka yi Juma'a?"

"Ciki ne ya murɗa mini. Ina ɗaki."

"Allah ya sawwaƙe. Ƙafar ma ciwo take? Na ga kana ɗaga ta."

"Sabon takalmi ne."

"Haka ne. Sabon abu akwai cizo."

*

Bayan azahar ya koma wurin Maigari, ya ce a tara kowa, bayanin a bakin rafi yake. Aka fito da Munzali. Alhaji ya zo yana duba agogo, Injiniya ta ɗauko jakarta, Abdulbaƙi ya biyo baya ba wanda ya gayyace shi, sai rabin gari.

"Ranka ya daɗe, a yi abu bisa tsari," in ji Mainasara. "Mai wuri shi ke shiga gaba. Malam Ma'aruf, wata huɗu kana zuwa gindin sandar nan kullum da safe. Ja mu."

Ma'aruf ya kalli kawunsa. Alhaji ya ce, "Wuce mana, ka nuna musu aiki."

Bayan makarantar firamare hanya ta rabu biyu. Ta dama 'yar siririya ce, ta ratsa gonar gero ta faɗa gindin tsamiya kai tsaye. Ita mata ke bi da kayan wanki, ita awaki ke bi. Ta hagu ita ce ta mota, mai zuwa tsohon mashigi.

Ma'aruf ya yi hagu.

Na bayansa suka yi cirko-cirko. Wata tsohuwa ta ce, "Ina kuma za shi?" Mainasara ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Aka bi shi.

Ya kai su mashigi. Ya kama gaɓa ya gangara, rana na dukan kowa, Alhaji na tattare riga yana haki. Da suka iso ƙarangiya, Ma'aruf ya rage tafiya ya raɓa ta gefe tun kafin ya kai gare ta.

"Malam ya san wurin nan," in ji Abdulbaƙi. "Sun taɓa gaisawa."

Suka wuce bukka. A bakin fangalin albasa Ma'aruf ya ɗaga ƙafa zai taka, ya ga sawun da ke kwance a ciki, ya tsaya da ƙafar a sama.

"Wuce mana," in ji Mainasara. "Jiya ai ka wuce."

"Wane irin zance ne wannan?" Alhaji ya daka tsawa. "Ɗan 'yar'uwata za ka yi wa ƙazafi?"

Mainasara bai kalle shi ba. Maigari ya fuskanta.

"Ranka ya daɗe, wanda ya ɗauke sandar nan nemanta ya yi. Ya je mashigi inda aka ɗauki hoto, ya tona yashi, bai same ta ba, sannan ya biyo gaɓa yana dube-dube. Munzali shi ya buga ta da hannunsa, daga bukkarsa yana hango ta. Me zai nema? Abdulbaƙi kullum sai ya yi mata kallon kilo. Mata shanya suke a kanta. A garin nan mutum ɗaya ne bai san hanyarta ba, shi ne wanda ake biya ya duba ta kullum. Yanzu ma hanyar da ya koya jiya ita kaɗai ya sani, ga ta mun biyo."

Mainasara ya ci gaba.

"Ya cire takalmin Juma'a don kada ya ɓaci. Ƙarangiya ta hukunta shi. Ya ga na Munzali a rataye, ya zura. Ko niyyar ɗora masa laifi bai yi ba, wayonsa bai kai nan ba. Sai da gari ya kama mutum ya ga abin ya yi masa daɗi, ya ja bakinsa." Ya nuna fangalin. "Kuma ku da kuka ce manoma ne ku, kun ga sawu a tsakiyar iri kuka ce na mai irin ne. Wane manomi ke taka abin da ya yafa da hannunsa, ga kunya a gefe?"

Maza suka sunkuyar da kai.

"Cire takalmi, Malam. Ga laka, ga sawun jiya. In ƙarya nake, a kama ni tare da Munzali."

Ma'aruf bai cire ba. Ya zauna daɓas a kan kunya, farin yadin ya sha laka.

"Kawu, kai ka ce lambobin su yi kyau," ya ce. "Ka ce ba wanda zai duba. Ni ban san akwai na'ura ba sai shekaranjiya."

"Ni? Yaushe? Yaron nan ba shi da lafiya. Tun yana ƙarami haka yake."

"Ina sandar?" Injiniya ta tambaya.

Ma'aruf ya nuna tsakiyar rafi. "Na jefa ta can. Inda ya fi zurfi."

Mainasara ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ya shiga ruwan mai launin koko, yana jan ƙafa a ƙasa, har ya kai tsakiya, daidai inda taswirar kamfani ta ce jirage biyu za su gifta juna. Ya sunkuya, ya ɗago sandar da bututunta. Naɗin wandonsa bai jiƙe ba.

Abdulbaƙi ne ya fara dariya, sannan ta kama kowa, har waɗanda da safe suke cewa a ɗaure Munzali.

Injiniya ta zauna a saiwar tsamiya, ta jona na'urar da kwamfutarta. Ba ta daɗe ba.

"Duk daminar nan, ruwa ya kai mita biyu sau uku. In an haɗa, awa goma sha ɗaya. A littafi kuwa kwana saba'in da huɗu."

"To a haƙa shi mana!" in ji Alhaji. "Ai akwai injin haƙa. Ki rubuta cewa in an haƙa zai yi."

"Alhaji, rami za a haƙa, ba ruwa ba. Abin da na gani shi zan rubuta."

"Za mu kawo wani injiniyan."

"Ku kawo," in ji Mainasara, yana warware wandonsa. "Rafin yana nan. Bai iya karatu ba, balle a ba shi takarda ya sa hannu."

Alhaji ya juya ya kama hanya. Ta mashigi ya bi, shi ma bai san gajeriyar ba.

Maigari ya yi gyaran murya. Ya ce Munzali ya tashi, lambu nasa ne kamar yadda yake, 'yan sanda kuma a buga musu a ce an sasanta. Ba wanda ya ba Munzali haƙuri. Wasu ma har sun fara cewa su dama tun farko ba su yarda ba.

Munzali bai saurare su ba. Ya durƙusa a bakin fangali yana ɗaga tsiran albasa ɗaya-ɗaya da ɗan tsinke, yana raba masu rai da matattu.

"Shi kuma wannan," in ji Maigari, yana nuna Ma'aruf, "hukuncinsa ya zo nan kullum da safe ya yi wa irin nan ban-ruwa har a dasa. Ko ba komai ya ga rafin da idonsa."

Munzali ya ɗago kai, karo na farko tun safe.

"A'a, ranka ya daɗe, na yafe. Zai zauna a teburin shayi ya rubuta cewa ya ba su ruwa, albasata ta mutu da ƙishi a cikin mita biyu."

Ya miƙa hannu, aka ba shi takalmansa. Ya kai su bakin rafi ya wanke ciki da waje, ya sake wankewa, sannan ya sa.